Daminar da Na Bar wa Rakoda Aji

Kafin wani ya riga ni faɗa, gara a ji daga bakina: ni ne wawan wannan labari. Akwai waɗanda suka taya ni, har da mai digiri a cikinsu, amma in za a yi rabo tsakani da Allah, kasona ya fi na kowa tsoka, kuma ban ga dalilin da zai sa in bar wa wani ba.

Ni malamin makaranta ne, ko in ce an mayar da ni malami. Lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, aka wayi gari azuzuwa sun fi malamai yawa. Duk wanda ya gama aji bakwai, ya iya rubuta sunansa ba tare da ya zaro harshe ba, sai a miƙa masa alli. Ni kuwa har na leƙa sakandare kafin mahaifina ya lura gona ta fi littafi buƙatata. Saboda wannan leƙen, a ƙauyenmu da ke gefen Ƙarfi ana yi mini kallon wanda ya ƙure boko. Ban taɓa gyara wa kowa wannan zato ba.

Aji uku nake koyarwa, kuma ina da salo na kaina da nake alfahari da shi. In yi tambaya, kafin yara su gama buɗe baki in ba da amsa, in ce, "Ko ba haka ba?" Su ce, "Haka ne, Malam." Mu wuce. A ajina ba a taɓa samun yaron da ya faɗi abu ba daidai ba, kuma na ɗauki wannan a matsayin shaidar gwaninta.

Bangon da ya raba ajina da aji huɗu bai kai rufi ba. Magina sun ce siminti ya ƙare, muka ce Allah ya kawo, bai kawo ba. A bayan wannan bango akwai abokiyar aikina, wadda kowa ke kira Malama. 'Yar gidan Kirista ce daga unguwar da ke hayin rafi, ta yi karatunta a wurin 'yan mishan, ba ta da yawan magana, kuma in ta kalle ka sai ka fara tunanin ko hularka ta karkace. Muna gaisawa da mutunci. Ranar Kirsimeti 'ya'yana su ci shinkafarta, ranar Sallah nata su ci namana. Ban san tana ajiye wani abu game da ni ba sai daga baya.

A farkon shekarun tamanin tsohon hedimastanmu, wanda muke kira Baba, ya kusa ajiye aiki. Ofishin ilimi ya aiko cewa za a tura mu biyu, ni da Malama, kwas a Funtuwa lokacin hutun bazara, kuma wanda ya fito da takardar shaida shi zai gaji kujerar Baba. Na ji wannan na yi murmushi. Na girme ta, ina da gemu, ina da keke. A ganina kujerar ta riga ta san mai ita, kwas ɗin kawai don a fita haƙƙin Malama ne.

Aka tara mu a wata makarantar kwana da ɗalibanta suka tafi hutu. Malamai daga Malumfashi, daga Mahuta, daga ƙauyukan da ko direban bas bai san sunansu ba, manya da mu muna cusa gwiwa a ƙarƙashin teburan yara. Wanda ya zo koyar da mu wani saurayi ne daga Zariya, siriri, mai tabarau, yana sa kwat a cikin zafin da ko kare ba ya fita. Daga baya muka gane shi ma ɗalibi ne a can sama, yana neman digiri na biyu a kan dabarun koyarwa, mu ne gonar da aka ba shi ya yi gwaji. Mu dai Yallaɓai muke ce masa, kuma bai taɓa hana mu ba.

Darasinsa shi ne yadda malami zai tsara aikin koyarwa da na'urorin zamani. Ranar farko ya zaro hoton da ya yanko daga wata mujalla, ya ce wannan ita ce kwamfuta. Hoton ya zagaya hannu zuwa hannu, wani dattijo har da bismilla kafin ya karɓa. Abin ya yi kama da talabijin da aka aura wa keken rubutu. Aka tambaye shi ko ya taɓa ganinta ido da ido. Ya ce ya gani, a wani ɗaki mai sanyi, amma mai gadin ɗakin ya ce kada a taɓa.

Wani malami daga Mahuta ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, tana shan kananzir?"

"Lantarki take so."

"To, Allah ya ba masu shi haƙurin riƙe ta."

Yallaɓai ya gyara tabarau ya ce matsalarmu ke nan, ba ma hangen nesa. Ya ce ba yau za ta zo ƙauyukanmu ba, amma dole malami ya koyi tsara aiki tun yanzu. Kowannenmu zai tsara wani aiki da abin da hannunsa zai kai, rediyo ko rakoda ko majigi in akwai mai shi, ya faɗi abin da yake so yara su koya, da yadda zai bi, da yadda zai gane ko sun koya. In an koma makaranta mutum ya aiwatar, shi kuma zai zagayo kafin a rufe zango ya gani da idonsa. Sai ya sa hannu za a ba mutum takarda.

Sannan ya shiga bayanin yadda kwamfuta ke koyarwa. Ya ce takan yi wa yaro tambaya, yaro ya ba da amsa, kuma yaro zai iya koyo ko malami ba ya kusa.

A nan na tsaya. Bakinsa ya ci gaba da motsi, amma ni na riga na isa gonata. Ina da wani fili a bayan makaranta da nake shuka masara, kuma duk damina ciyawa ke riga ni, domin lokacin da ya kamata ina riƙe da fartanya ina riƙe da alli. Ga shi yau wani mai digiri, a gaban shaidu, ya ce malami zai iya rashin kasancewa kusa. Na tuna da rakodar da yayana ya kawo mini tsaraba daga aikin hajji, wadda ke zaune a kan kabad an rufe ta da ɗankwali. Kafin a tashi cin abinci na gama tsara aikina, har na fara tausaya wa sauran.

An ce bayan wannan jumla Yallaɓai ya yi dogon bayani cewa kwamfutar na duba amsar yaro, in ya yi kuskure ta mayar da shi baya. An ce har sau biyu ya maimaita. Ban musa ba. Ni dai ina gona.

Na rubuta tsarina da babban rubutu. A wurin da aka ce mutum ya faɗi yadda zai gane yara sun koya, na rubuta cewa za a gani. Na kai wa Yallaɓai yana tsaye a bakin ƙofa yana fifita da takardun mutane. Ya dubi kan takardar, ya ga na rubuta koyarwa ba tare da malami ba, fuskarsa ta washe.

"Irin wannan tunanin muke nema," in ji shi, ya rattaba hannu, ya miƙo mini.

A bas ɗin komawa na tambayi Malama nata tsarin. Ta ce za ta aro rakodar cocinsu, ta riƙa ɗaukar muryar yara suna karatu, ta kunna musu su ji kansu, su ji inda suka yi tuntuɓe.

Na ce, "Malama, na'ura ta zo koyarwa, ke kin mayar da ita ɗaliba."

Ta ce, "Haka Allah ya hore mini, Malam." Ta juya tana kallon gonaki ta taga.

Ranar Asabar da safe na shimfiɗa tabarma a zaure, na sa a ɗaure awaki, na aika cikin gida a dakatar da daka. Na maƙwabta ne ban iya dakatarwa ba, don haka duk darussana suna tafe da kiɗan turmi a ƙasa. Na gyara murya na danna. In yi bayani, in jefa tambaya, in yi shiru gwargwadon yadda mutum zai haɗiye yawu ya nisa, sannan in ce, "Madalla, daidai ne." Don kada abin ya gundure su, wani lokaci in ce, "Madalla, Allah ya yi albarka."

Sai kuma wata dabara da har yau nake ganin ta cancanci lambar yabo. Na san babu ajin da ba shi da ɗan baya mai tashi tsaye ko mai cin wani abu a ɓoye. Saboda haka nan da can, ba tare da wani dalili ba, sai in daka tsawa a cikin kaset: "Kai na baya, ina ganin ka. Zauna."

Uwargidana ta kawo mini kunu ta tsaya tana saurare.

"Malam, to in sun faɗi ba daidai ba fa?"

"Yaran da ni na koyar?"

Ta ƙara faɗin wata magana, amma lokacin ina mayar da kaset baya, ban kama ba.

Da aka koma makaranta, kwanakin farko ban je ko'ina ba. Na ɗora rakodar a kan tebur, na tsaya gefe da bulala a hannu, na kunna. Yara suka dubi bakina a rufe, suka dubi akwatin yana magana da muryata, wasu ƙanana suka matsa kusa da ƙofa. Da tambaya ta zo, na zare musu ido na motsa leɓe da amsar, suka faɗa, rakoda ta ce madalla. Can sai ga tsawar nan ta na baya, kuma Allah da ikonsa ta faɗa daidai kan wani yaro da ya cika baki da gyaɗa. Ya tofar da ita. Kafin la'asar labari ya game gari cewa rakodar Malam tana da ido.

Ruwa ya zauna, masara ta tsiro, ciyawa ta biyo ta. Na je na sami Baba Hedimasta na ce binciken gwamnati ya kai matakin da dole malami ya janye jikinsa. Baba ya ce ba shi da ja da gwamnati. Shi ma dai a lokacin ya fi ganin dawarsa fiye da ofishinsa.

Daga nan tsarina ya zauna daram. Da safe in yi kiran suna, in danna, in tuɓe riga in rataye a bayan ƙofa, in bi ta baya in ɗauki fartanya. In na ƙiyasta gefe ɗaya ya ƙare, in dawo in juya kaset in koma. Kaset ɗin ba su da yawa, saboda haka su nake ta maimaitawa, kuma Yallaɓai da kansa ya ce maimaici na kafa ilimi. In batir ya yi sanyi muryata takan ja ta koma kamar ta bijimi, sai in cire su in jera a kan taga rana ta gasa su, gobe su farfaɗo. Daga gona ina jiyo amon yara suna amsawa baki ɗaya, sannan muryata ta biyo da madalla. Kalmomin ba sa isowa, amon kawai. Wani lokaci har da dariya. Sai in dafa fartanya in ce wa kaina, ka ga ilimi da annashuwa.

Masarata a wannan shekara ba a magana. Masu wucewa kan tsaya su tambayi irin takin da na sa.

Wata rana ina dawowa juya kaset, ƙafata duk laka, na ci karo da Malama a ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar makaranta.

"Sannu da aiki, Malam. Da za ka samu wata rana ka zauna a ajinka ka saurara."

"Ai ina jin su daga gona."

"Me suke cewa?"

"Abin da na koya musu."

Ta dube ni irin kallon nan, na taɓa hulata. Ta ce, "To," ta shiga ajinta. Na bi ta da ido ina jinjina kai. Na ce a raina, kujera ba ta bar kowa da lafiya ba, dubi mace mai hankali hassada na neman kayar da ita.

Abin da ke faruwa a ajin, wanda duk garin ya sani ban da ni, ga shi. Wata rana rakoda ta yi tambaya ta yi shiru, sai wata yarinya ta miƙe ta ce tana so ta fita bayan gida. Rakoda ta ce, "Madalla, daidai ne." A ajin akwai wasu gandama-gandaman yara da aka kawo makaranta bayan sun fara riƙe garma. Ɗayansu ya ji wannan, ya jira tambaya ta gaba, ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Rakoda ta sa masa albarka. Shi ke nan asirin ido ya tonu. Manyan suka zauna suka ƙera wa kowace tambaya amsarta, kuma da yake kaset ɗin su ne dai kullum, amsoshin suka zauna kamar waƙa. Manyan sun san wasa suke. Ƙananan ba su sani ba. Su dai sun ji an faɗa, sun ji muryar Malam ta ce daidai ne, kuma a duniyarsu babu kotun da ta wuce wannan.

Da saƙo ya zo cewa Yallaɓai na tafe, sai na ga bai kamata a yi wannan abu a ɓoye ba. Na gayyaci mai unguwa, na gayyaci iyayen yara, na sa sababbin batir, na sa babbar rigar da nake zuwa Idi da ita. Yallaɓai ya iso a bayan babur, kwat ɗinsa ya sha laka har kafaɗa. Ya fara shiga ajin Malama. Ta saman bango ina jiyo muryoyin yara suna karatu a rakoda suna in'ina, suna dariyar kansu, suna sakewa. Na ce a raina, Allah sarki, ta tara wa baƙo kurakurai.

Aka zo nawa. Aka jera benci a baya, Yallaɓai a tsakiya, Baba Hedimasta a damansa, mai unguwa a hagunsa, iyaye a tsaye a jikin bango da tagogi. Malama ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Na yi ɗan jawabi a kan zamani da waɗanda zamani zai bari a baya, ban kalli ƙofa ba amma kowa ya san inda na dosa. Sannan na juya ga yara.

"Kada ku ji tsoron baƙi. Ku amsa da ƙarfi, yadda kuka saba kullum."

Na lura manyan yaran sun sunkuyar da kai, na ɗauka ladabi ne. Na danna, na koma gefe na rungume hannu a baya.

Muryata ta fito tas, da turmin maƙwabta a ƙarƙashinta. Ta yi gaisuwa, yara suka amsa. Ta yi bayani a kan ƙasarmu, sannan ta tambaya, "Wane gari ne babban birnin Nijeriya?"

Ƙananan suka buɗe murya gaba ɗaya, da fara'a, ƙirji a gaba: "Danja."

"Madalla, daidai ne."

Na ce ko kunnena ne. Wani daga cikin iyaye a taga, wanda ke kai tumatir Danja duk ranar kasuwa, ya ce a hankali amma kowa ya ji, "Ashe fadar gwamnati nake zuwa da kwanduna ban sani ba."

Ya kamata in kashe a nan. Hannuna ne ya ƙi tashi. Rakoda kuwa ba ta da wannan matsala.

"Kwana nawa ne a mako?"

"Ba mu ƙirga ba."

"Madalla, Allah ya yi albarka."

Baba Hedimasta ya cire hularsa ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki.

"Wace dabba ce take ba mu madara?"

"Jakin mai unguwa."

"Madalla, daidai ne."

Mai unguwa mutum ne mai nauyi, ba a saba ganin haƙoransa ba. Ya juya ya dubi Baba ya ce, "Namiji ne fa." Iyayen da ke tagogi suka watse, wasu suka durƙusa a bayan bango, ana jiyo su.

A nan Yallaɓai ya ga abin ya isa. Ya miƙe tsaye daga bencin baya, ya ɗaga hannu zai yi magana. Ni na san kaset ɗina, na san abin da ke tafe, na rufe ido.

"Kai na baya, ina ganin ka. Zauna."

Ya zauna. Wallahi ya zauna, da digirinsa da tabaransa, kafin hankalinsa ya gaya masa akwati ne. Kowane ɗan boko akwai ɗan aji uku a kwance a cikinsa, ranar na gani.

Baba ne ya taso ya danna abin ya yi shiru. Yallaɓai ya sake miƙewa, wannan karon a hankali, yana kallon rakodar ta gefen ido. Ya je gaban wata 'yar ƙaramar yarinya a layin farko ya durƙusa.

"'Yan mata, gaya mini tsakani da Allah, ba wasa ba. Ina ne babban birnin ƙasarmu?"

"Danja."

"Wa ya gaya miki?"

Ta nuna ni da ɗan yatsa, ba tare da ko ɗar ba, har tana murmushi don ta san ta ci. "Malam ya ce daidai ne."

Wannan ya fi jakin ciwo. Dariyar waje ma ta tsaya. Uban yarinyar yana cikin waɗanda ke tsaye a bango, mutumin da ya yi ta gardama kafin ya yarda ya sa ta boko. Ya saɓa fartanyarsa ya fita.

Yallaɓai ya ja ni waje ƙarƙashin bishiya ya fara. Ya ce na ci amanar yara, na ci amanar kimiyya, na ɗauki rabin magana na bar rabi. Ya ce wane mai hankali ne zai tsara abin da ke yabon amsa bai ji ta ba. Na bar shi ya gaji, domin a wannan fanni ina da juriya. Sannan na ce, "Yallaɓai, ai duk na rubuta a takardar nan. Kai ka sa hannu, har ka ce irin tunanin da kuke nema ke nan."

Ya cire tabarau ya goge da gefen kwat, laka ta ƙara shafe su. Ya ce mutane sun yi yawa ranar. Na ce haka ne, Yallaɓai, ga zafi. Muka tsaya mu biyu kamar waɗanda suka haɗu a gidan da bai kamata a gan su ba. Amma hannun da ya sa a Funtuwa bai sake sa mini shi a ƙauyenmu ba. Ya hau babur ya tafi. An ce ya sami digirinsa, kuma an ce akwai babi guda a littafinsa da ke magana a kan wani malamin ƙauye. Bai ambaci wanda ya amince da tsarin malamin ba. Wuri ne bai isa ba, ina jin.

Takarda ta zo wa Malama. Baba ya ajiye aiki, ya miƙa mata makullin ofis da ƙararrawa. Ni kuma na ci gaba da zama abin da nake, sai dai yanzu in na shiga kasuwa masu nama su ce, "Malam, yaushe za ka birni?" Masu babur kuma in sun gan ni a bakin hanya su rage gudu su ce ko Danja za ni, akwai wuri. Masarar dai na girbe ta, ta cika rumbu, kuma ban ji ta canza ɗanɗano ba.

Farkon sabon zango Malama ta aiko a kira ni ofis. Na shiga na same ta a kan kujerar da na riga na auna da idona. Ta miƙe ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta tambayi mutanen gida, ta ba ni wuri na zauna. Ta ce yaran nan nawa sun shiga aji huɗu, kuma ni zan bi su can.

"Kai ka kai su Danja, Malam. Kai za ka ɗauko su ka kai su Legas. A ƙafa, ba a kaset ba."

Na ce na ji. Da na tashi a nan da na tsira da sauran mutuncina. Amma akwai wani abu a jikina da ba ya barin magana ta ƙare a bakin wani. Na gyara zama, na ɗauki muryar da nake yi wa iyayen yara bayani da ita.

"Malama, in za a yi adalci, tsarin nan ba shi da laifi. Zamani ne bai iso ba. Rakodar nan ta yi aikinta, ba ta makara, ba ta gajiya. Aibinta ɗaya ne tak, ba ta da kunne. Sai ta yi tambaya, ba ta damu da abin da yaro zai ce ba, ta yi madallarta ta wuce."

Malama ta ajiye biron da ke hannunta. Ta dubi wajen azuzuwa, inda bangon nan da bai kai rufi ba yake, sannan ta dube ni.

"Ai shi ya sa yaran ba su yi kewarka ba, Malam. Shekara da shekaru ina jin ka ta saman bangon nan. Ranar da ka fara tafiya gona, sai da na leƙa kafin na gane ba kai ne a ciki ba."